Daga Birni Zuwa Kano Don a Leƙa Cikina

Tun ranar da na dawo daga Kano bakina bai huta ba. In na zauna a fadarmu, majalisar shayinmu ta gindin dalbejiya, kafin shayin farko ya tafasa wani zai gyara zama ya ce, "To Isuhu, yaya aka yi ne?" In na faro, sai wani ya iso a tsakiya ya ce a koma baya. Wasu kuma ba labarin ne ya dame su ba, wurin kyamarar nan kawai suke jira in kai su yi dariya. Na gaji da yanka shi gunduwa-gunduwa. Ga shi nan daga tushe, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Ni baduku ne. A Birni aka haife ni, tsohuwar unguwar Damagaram, a nan nake ɗinkin jaka da takalma da kube tun ban kai kafaɗar mahaifina ba. Abin ya same ni ne a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bunni, fara kuma ta zo ta share abin da ya rage. Kowa ya rame a shekarar, shi ya sa da na fara zubewa ba wanda ya kula, har ni kaina. Jinin da nake gani in na zaga kuwa, na ce basir ne. Wane baduku ne ba shi da basir, mutumin da ke wuni zaune a kan buzu? Na sha saiwa, na sha sassaƙe, na sha wani jiƙo da ko akuya ba za ta yarda da shi ba. Yau ciki ya ɗaure, gobe ya sake. Wata shida ina haka, sai ranar da jiri ya kwashe ni a hanyar masallaci aka kawo ni gida a riƙe.

Matata Abu ba ta yi shawara da ni ba, mayafi kawai ta ɗauka ta ce mu je asibiti. Dokotoro ya ja fatar idona ya duba, ya sa aka ɗibi jini, aka yi mini radiyon ƙirji, sannan ya sa safar hannu ya duba ni ta inda ba a faɗa a majalisa. Da ya wanke hannu ya ce, "Malam Isuhu, ban ce ba ka da basir ba. Amma basir ba ya cinye mutum haka. Jininka ya yi ƙasa ƙwarai, wani wuri yake zuba, kuma yatsana bai kai wurin ba. Sai an leƙa da na'ura, mu kuwa ba mu da ita. Ko Yamai, ko Kano."

Yamai wuni guda ce cur a mota, kuma ban san kowa ba a can. Kano kuwa in ka yi sammako a can za ka yi azahar, ga kuma Alhaji Bukar, mutuminmu ɗan Barebari da ya koma can da zama, wanda ya shekara ashirin yana sarin jakunkunana. Muka sayar da raguna biyu a farashin da ba na son tunawa, 'yan'uwa dukawa suka kama, muka bar yara a hannun ƙanwar Abu tare da ɗan geron da ya rage.

Mu tara aka cusa a fijo ɗaya. Muka wuce Takeita, muka wuce Kance, muka nufi Matamaye. A gefen hanya mata ne da ƙorai suna tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci in yunwa ta yi tsanani, maza kuma da ƙunshi a kai sun miƙa Kudu a ƙafa. Kusa da ni wani Bafillace ne dattijo. Duk inda muka wuce mushen saniya sai ya juya ya bi ta da kallo har ta ɓace. Na tambaye shi ina ya nufa. Ya ce zai je ya ga ko akwai ciyawa a gaba kafin ya koro abin da ya saura. Na ce Allah ya sa a dace. Ya ce, "Kai fa?" Na ce asibiti. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma kiwo za a kai ka ke nan." Dariyar farko da na yi a tafiyar ke nan.

A Ɗan Barto ma'aikatan iyakarmu suka duba takardu suka sallame mu. Da muka tsallaka Kwangwalam, wani ma'aikacin iyaka ya ga babbar ambulan da na rungume a ƙirji ya ce, "Baba, mene ne a ciki?"

Na ce, "Radiyo ne."

Ya ce, "Rediyo? A cikin takarda?"

Na ce, "Ƙwarai, nawa ne, na ƙirji."

Ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ga rediyon 'yan Faransa da ake ratayawa a ƙirji. Na zaro baƙin hoton na ɗaga musu shi a rana, haƙarƙarina suka fito reras. Suka bushe da dariya, babban ya ce, "Baba, wannan ai hoto ne. In ka shiga asibiti ka ce hoto, kada su aike ka wurin mai gyaran rediyo." Ya mayar mini da shi da hannu biyu ya ce Allah ya ba da lafiya. Tun daga nan na gane cewa Hausa ɗaya muke yi da mutanen nan, amma kowa da irin Bature da ya zuba masa gishiri a miya.

Kano ba baƙuwata ba ce, na sha kai kaya, amma zuwa da ciwo daban ne da zuwa da jaka. Ƙarar garin ta yi mini yawa. Baburan haya da muke ce wa kabu-kabu su acaɓa suke ce musu, kuma sun fi ƙudaje yawa. Abu ta ce ko za a yanka ta ba ta hawa, sai da muka nemi tasi. Alhaji Bukar ya sauke mu a gidansa na Fagge, a wani ɗaki kusa da zaure inda yake ajiye kaya. Ɗakin warin jima yake, ya yi ta ba da haƙuri. Na ce, "Alhaji, ai ka sauke ni a gida." Yaran unguwa Buzu suke ce mini, ko da yake ban taɓa naɗa rawani ba. A wurinsu duk wanda ya fito daga arewacin Daura Buzu ne.

Abincinsu kuwa ba laifi. Na ci gurasa, na ci ɗanwake, matan gidan kuma suna ta aiko da tuwon shinkafa, abin da mu sai da biki. Kwanakin farko Abu takan zauna gaban kwano ta kasa kai loma, tana tunanin abin da yara ke ci a gida. Shayinsu ne dai ban yafe ba. Mutum ya cika maka kofi kamar bokiti, ya zuba madara, ya miƙo da burodi, ka shanye a tsaye ka tafi. Ba na ɗaya, ba na biyu, ba na uku, ba hira. Na ce wa mai shayin ƙofar gidan, "Wannan ai kunu ne ya yi ɓatan kai."

Asibitin gari ne guda. Ka yanki kati a nan, ka kai can, a ce ka koma inda ka fito. A kan bencin jira na haɗu da wani tsoho, Baba Ɗanladi, Kirista ne mutumin kudancin Zariya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya ga ina juya takardar da aka ba ni a wurin kati kai a ƙasa ya karɓa ya karanta, ya ce, "Irin tawa ce. Shekara huɗu ke nan da aka yanke mini, ga ni ina cin tuwo. Dubawa kawai nake zuwa." Ya ɗaga riga ya nuna mini tabon, a gaban mutane, ko a jikinsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, abu ɗaya zan gaya maka. Kada ka yi gaggawar jin ƙarshe. Gwajin nan tasha-tasha ne, ba a tsallake ko ɗaya."

Da aka kira sunana na shiga, sai na tarar likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Su Dakta suke cewa. Ta gaishe ni da ladabi, ta karanta wasiƙar dokotoronmu, da yake da Faransanci ce sai da na taimaka da abin da na tuna. Sannan ta juya bayan wata takarda ta zana mini babban hanji, ya hau ta dama, ya gitta, ya sauko ta hagu, kamar ƙofar zaure.

Ta ce, "Baba, kowane gwaji tambaya ɗaya yake amsawa. Na jini ya ce kana asarar jini, amma bai san daga ina ba. Kyamara za ta nuna mana wurin. In mun ga wani abu, za mu tsinko ɗan kaɗan a kai a duba da madubin da ke ƙara girman abu, shi zai gaya mana ko mene ne. In ya kama, sai a yi hoton ciki gaba ɗaya a ga ko ya tsaya wuri ɗaya. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci."

Na ce, "To kyamarar ta ina take shiga?"

Ta faɗa mini. Siririn tiyo ne, kaurin yatsa, da fitila a kansa.

Na ce, "Wa zai yi?"

Ta ce, "Ni."

Na yi godiya, na fito, na ce wa Abu ta tashi mu je mu ɗaure kaya. Ta ce lafiya? Na gaya mata. Na ce ni da furfurata ba zan kwanta wa 'yar cikina ta yi mini wannan ba, gara in koma Birni in mutu da mutuncina. Abu ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Malam, haihuwata bakwai. Biyu a ciki da suka zo da gardama maza ne suka karɓe su a asibiti, kai kana waje kana jan carbi kana cewa a yi duk abin da ya kamata. Ban ji ka ce in tashi mu tafi ba. Ni mutuncina ba a bakin komai yake ba ke nan?" Baba Ɗanladi da ke gefe ya kau da kai yana tari, amma na ga kafaɗunsa na rawa. Na koma ciki na karɓi ranar.

Nas ta ba ni ƙunshin garin magani ta ce, "Jajibirin ranar kada ka ci komai, sai abin sha kawai." Na ce wannan mai sauƙi ne. Ranar Abu ta dama mini fura mai kauri, na sha ƙwarya guda da hantsi, na sha maganin, na ƙara wata ƙwaryar da yamma don in ji ƙarfi. Da safe na je da alfaharina. Nas ta ce, "Baba, me ka ci jiya?" Na ce ko ƙwayar hatsi ban ci ba, fura kawai na sha. Ta ajiye biro ta dafe kai. Ta ce, "Fura!" Na ce, "Ke kika ce abin sha. A garinku cin fura ake yi?" Ta yi dariya har da hawaye, ta ce laifinta ne. Abin da take nufi shi ne ruwan da za ka iya hango gindin kofi ta cikinsa, kamar ruwa, ko shayi ba madara, ko romo da aka tace. Ta ce in hanji bai wanku ba kyamara ba abin da za ta gani sai gero. Aka ɗaga mini kwana huɗu.

Karo na biyu na yi shi yadda ya kamata. Aka jiƙa garin a ruwa lita huɗu, mai gishiri-gishiri, ina kurɓar kofi guda bayan kofi guda tun daga azahar. Na ce wa Alhaji Bukar, a Damagaram da muke sayen ruwa a garwa, wannan ai almubazzaranci ne, ka sha a nan ya fita a can. Ya sa aka bar mini bayan gida guda da buta biyu, aka hana kowa shiga. Ban ƙirga zuwan da na yi ba. Na dai daina mayar da takalmi. Kafin isha abin da ke fita ya koma kamar ruwan shayi na uku, abin da nas ta ce a jira ke nan.

To ga wurin da kuke jira. An ba ni wata riga mai tsaga a baya, aka ce in kwanta a gefen hagu in naɗe gwiwa. Suka lulluɓe ni da zane, ba abin da ke buɗe sai inda ake aiki. Aka yi mini allura a hannu, jikina ya yi sanyi, kaina ya yi nauyi kamar mai gyangyaɗi bayan azahar. Zafi ban ji ba, sai kumburi, domin iska suke hurawa hanji ya buɗe. Akwai talabijin a gabana, Dakta ta ce in ina so in kalla. Na kalla. Ni da na shekara arba'in ina juya fatar dabbobi ciki da waje, ranar na ga tawa. Jajir take, sumul, tana sheƙi, kamar fatar akuya da aka jeme da kyau. Har na fara jin daɗin kaina. Sai muka sha wata kwana, na ga wani ƙulli ya tsiro a bango, kansa ya farfashe, yana tsattsafar da jini. Ba sai an gaya mini ba. Wani ɗan ƙaramin hantsaki ya fito daga bakin tiyon ya tsinki nama sau uku ko huɗu, ban ji komai ba. Ta wuce gaba ta duba sauran hanjin har ƙarshe, ta ce ba wani sai shi.

Daga nan aka tura ni ɗakin hutu, mu biyar a jere, kowa cikinsa cike da iskar da aka hura masa, kowa yana matsewa yana kallon rufi. Nas ta shigo ta ce, "Ku saki, ba mai tafiya gida sai ya saki." Wani Alhaji mai babban gemu ya ce bismilla ya buɗe fage. Sauran kuma ba sai na faɗa ba.

Naman da aka tsinka kwana goma sha biyu ya yi kafin amsa ta fito. Zaman banza ba ya yi mini, sai na riƙa bin Alhaji Bukar kasuwa ina zama cikin dukawansu. Suna da hannu, amma sun cika son gam. Abin da za mu yi wa ɗinki biyu su sai su shafa su manna su ce sauri ake yi. Na karɓi basilla na nuna wa wani yadda muke kitsa bakin jaka, kafin la'asar mutum shida sun kewaye ni. Na kuma gyara wa Baba Ɗanladi takalmansa da suka buɗe baki.

Ranar amsa Dakta ta tambaye ni ko ina so Abu ta shigo. Na ce ta shigo. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Baba, ciwon daji ne, na babban hanji." A gida da ba haka za a yi ba. Da yayana za a ja gefe a gaya wa, ni kuma a ce mini gyambon ciki ne, kowa ya riƙa yi mini fara'ar da ta wuce kima. Da farko na ji kamar ta mare ni. Daga baya na gode mata, domin ciwon a jikina yake, ba a jikin yayana ba. Abu ce ta ce, "Dakta, ana warkewa?"

Ta ce, "Ana warkewa, in ya tsaya inda yake. Shi ya sa za mu duba hanta da huhu, domin in zai yi tafiya can yake fara sauka."

Kafin hoton aka sake ɗibar jini kashi biyu. Ɗaya don a ga ƙarfin ƙoda, saboda ruwan da za a zuba mini a jijiya ta nan zai fita. Ɗayan kuma wata alama ce da ciwon kan saki a jini. Ta ce ita kaɗai ba ta tabbatar da komai, amma za a rubuta yawanta yau don a riƙa gwadawa da na gaba.

Babban hoton nan mu sikana muke ce masa, haka dokotoronmu ya kira shi. Na fito na tambayi wani mai shara ina ake sikana. Ya ce, "Sikanin? Bi nan, ƙofa ta uku." Na bi na tarar da benci cike da mata masu ciki. Na ce wataƙila haka tsarin yake, na raɓa a ƙarshe na zauna. Suna ta satar kallona. Can wata mai bakin tsiya ta ce, "Baba, wata nawa ne?" Ashe abin da mu muke kira eko, wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ne sikanin a wurinsu. Nawa siti suke ce masa, yana can wani gini daban. Na tashi ina jin dariyarsu har tsakar gida.

An hana ni cin abinci tun safe. Aka ce in cire duk wani ƙarfe, na zube makullai da zobe da wata basilla da na manta a aljihu. Na'urar kamar bakin rijiya ce da aka tayar tsaye, gado yana shiga da kai ciki yana fitowa. Mai aikin ya koma bayan gilashi yana magana ta lasifika, "Ja numfashi. Riƙe. Saki." Da aka tura ruwan nan a jijiya sai na ji zafi ya bi jikina daga maƙogwaro har mara, na rantse na jiƙa musu gado. Na ce shi ke nan, abin da kyamara ta rage mini na mutunci ya tafi. Da aka fito da ni na shafa, ƙaƙas. Mai aikin ya ce kowa haka yake ji, ya manta ne bai gaya mini ba. Duka-duka bai kai tafasar shayi biyu ba.

Dakta ta jera hotunan a jikin fitila, jikina an yanka shi fai-fai kamar lemo. Ta ce huhu lafiya lau. Sannan ta sa bakin biro a kan wani ɗigo a hanta, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce, "Wannan ban san ko mene ne ba tukuna, kuma ba zan gaya maka abin da ban sani ba. Yana iya zama 'yar jakar ruwa, mutane da yawa suna da ita tun haihuwa ba ta yi musu komai. Yana iya zama ciwon ne ya iso. Jibi za a duba da sikanin."

Kwana biyun nan su ne mafi tsawo a tafiyar. Washegari bayan la'asar na zaunar da Abu a ƙofar ɗaki na fara gaya mata wanda za a ba kayan aikina, da abin da za a yi da gidan. Na zaci za ta hana ni. Ba ta hana ba. Ta saurara har na gama, hannunta a kan gwiwa, sannan ta ce, "Na ji, na riƙe. Saura kai ka ji nawa. Ko mene ne a hantar nan, tare za mu koma gida." Ta tashi ta shiga wurin matan gidan, na ji tana taya su daka da ƙarfin da ya fi na kullum.

Ranar na koma bencin masu ciki, wannan karon da takardata a hannu. Aka shafa mini wani mai sanyi a ciki, mai dubawar ya riƙa goga wani abu kamar dutsen guga a ƙarƙashin haƙarƙarina yana kallon talabijin. Ya ce in riƙe numfashi. Ya tsaya, ya koma, ya sake tsayawa. Sannan ya juyo da talabijin ɗin ya nuna mini wani baƙin da'ira mai santsin baki. Ya ce, "Ka ga yadda ya yi baƙi wuluk, gefensa sumul? Ruwa ne, Baba. Ba nama ba ne." Ban jira an goge mini man ba, na sauko na yi sujada a kan siminti. Da na fito Abu ta dubi fuskata kawai, ta zauna a ƙasa ta rufe ido da mayafi.

Daga nan aka sa ranar tiyata. Aikin kansa ba ni da labarinsa, barci na yi. An yanke kamar taƙi guda na hanjin aka haɗa bakin biyu aka ɗinke. Da na farfaɗo na tambayi likitan da ya yi aikin ko ɗinki ya yi ko gam, ya ce ɗinki, hawa biyu. Na ce madalla. Abin da aka cire ma sai da aka kai aka duba, har da 'yan kaluluwar da ke kewaye da shi, domin ta cikinsu ciwon ke bi in zai fita. Duka aka same su da tsabta. Dakta ta ce ciwon hawa huɗu ne, nawa a na biyu aka kama shi. Ta rubuta wa dokotoronmu wasiƙa, ta ce duk wata uku a ɗibi jini a duba alamar nan, bayan shekara in dawo a sake hoto da kyamara. Ta ce in gaya wa 'yan'uwana da 'ya'yana kada su ga jini su ce basir ne su zauna, domin abin yakan bi dangi. Na ce mata wannan karon ba sai an kamo ni a hanya ba.

Kwana hamsin da 'yan kai muka yi. Ranar tafiya Alhaji Bukar ya sa aka ɗaura mana buhun masara a kan mota, na buɗe baki ya ce in na yi magana ya fasa sayen jakunkunana. Muka iske yara lafiya, sun rame, amma ba wanda ya kwanta.

Da na ɗan yi ƙarfi, ran kasuwar Mirriya na shiga mota na je gaida mahaifiyata, wadda ke zaune can wurin yayana. Ta haura tamanin, kuma har yau Auta take ce mini. An ɓoye mata komai, an ce na tafi Kano kai kaya. Na same ta a inuwar rumbu, na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa fuskata da kafaɗuna ta ce, "Auta, wane irin kaya ne ake kaiwa kwana hamsin a dawo ba nama?" Sai na gaya mata gaskiya, na zaro hotunan na miƙa mata.

Ta ɗaga ɗaya a rana ta ƙanƙance ido. Na riƙa nuna mata, ga ƙashin baya, ga ƙoda, ga hanta. Ta ce, "Ina ciwon?" Na nuna, na ce an cire shi, yana can Kano. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wata tara na ɗauke ka, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ashe an yi su da kyau." Sannan ta sa yatsa a kan wani baƙin fili ta ce, "Nan fa?"

Na ce, "Tumbi ne, Inna. Ba komai a ciki, an hana ni ci kafin a ɗauka."

Ta sauke hoton ta dube ni. Ta ce, "Ka bar yunwa a gida, ka tafi garin masu abinci, su ma suka hana ka?" Ta jawo akushinta da aka rufe da faifai, ɗan tuwon da aka ajiye mata na rana, ta tura gabana. Na ce na ƙoshi. Ta ce ita ta ga hoton da idonta. Na wanke hannu na ci, tana zaune tana kallon kowace loma har na suɗe akushin.